Tsokar da ke matse jijiyar jini: wane suna za mu tsayar mata?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu rubutun kimiyya da Hausa. Kalmar da nake so mu tsayar yau ita ce abin da Turawa ke kira smooth muscle, wato tsokar da ke cikin bangon jijiyoyin jini, hanji, mafitsara, mahaifa da hanyoyin iska na huhu. Ba a bayanin hawan jini ba tare da ambatonta ba, amma har yanzu kowa da sunan da yake ba ta.

Kafin mu yi gardamar suna, mu ga aikinta tukuna. A 1963 wasu masana biyu a Kiyoto ta ƙasar Japan, Okamoto da Aoki, suka ba da rahoton wani irin ɓera da suka samar ta hanyar haɗa masu hawan jini da junansu, zuri'a bayan zuri'a. Ba allura aka yi musu ba, ba tiyata ba, gado ne. Jininsu kan fara hawa tun suna da mako 5 zuwa 6, in sun girma lambar sama ta awon jininsu ta kai 180 zuwa 200. Da su ake yawan yin gwajin da zan bayyana yanzu.

Sai a yanko ɗan guntun jijiyar jini daga wutsiya ko daga tantanin da ke riƙe da hanji, a rataye shi cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, a haɗa shi da na'urar da ke auna ƙarfin ja. A riƙa ba shi lantarki kaɗan kaɗan, sai a ga ya matse. To, tsokar ce ta ji lantarkin kai tsaye, ko jijiyoyin da ke kai mata saƙo ne suka ji suka umarce ta? Don raba gardama ake zuba tetirodotoksin, dafin da ake samu a jikin kifayen teku dangin talibamban, wanda ke toshe jijiyoyin saƙo ya bar tsokar lafiya lau. In matsewar ta ɓace, daga jijiyoyin ta fito. Sinadarin da suke fesa wa tsokar shi ne noradirenalin, wanda von Euler na Suwidin ya tabbatar a 1946, tare da wani sinadarin da ake kira ATP, wanda masani Burnstock ya kafa hujjar cewa shi ma jijiyoyi na aika saƙo da shi a 1972, mutane suka daɗe ba su yarda ba. A waɗannan ɓeraye, jijiyoyin saƙon sun fi cunkushewa a bangon jijiyar jini, bangon kansa kuma ya fi kauri, matsewar ma takan fi ta ɓeraye masu lafiya ƙarfi. Kada a raina wannan: in faɗin hanyar jini ya ragu da rabi, wahalar wucewar jini takan ninka sau 16.

Yanzu ga sunayen da aka kawo.

"Tsoka mai santsi" ita ce ta fi yawo, kuma ita na fi ƙi. Santsi a kunnen Bahaushe abin da ke sa a zame ne. Turawan da suka raɗa sunan ba taɓa tsokar suka yi ba, a madubin likita suka dube ta, suka ga ba ta da layukan da ke gitta tsokar hannu da ƙafa. "Mai laushi" ma haka, ta tafi wajen taɓawa.

Likita, ke kika kawo "tsokar kayan ciki", kuma ga marar lafiya a asibiti ta wadatar. Sai dai wutsiyar ɓera ba kayan ciki ba ce, haka ƙwayar ido, haka gindin gashin da ke miƙewa in tsikar jiki ta tashi, kuma duk tsokar tana nan.

Malam, taka ce ta fi ɗaukar hankalina: "tsoka mai cin gashin kanta". Tana da daɗin faɗa, tana kuma nuna cewa mutum ba ya sarrafa ta da niyyarsa. Amma da izininka, tana da illa biyu. Tsokar zuciya ma ba ta jiran niyyar kowa, alhali wata iri ce daban. Sannan gwajin ɓerayen nan gaba ɗayansa yana nuna cewa wannan tsoka tana karɓar umarni, kuma a hawan jini umarnin ne ma ya yi mata yawa. In ɗalibi ya karanta cewa tana cin gashin kanta, sannan a layi na gaba ya ga jijiya na juya ta, mun rikita shi.

Ni dai ina kan "tsoka marar ratsi", jam'inta "tsokoki marasa ratsi". Ratsi kowa ya san shi a jikin tufa, kuma daidai abin da ido ke gani a madubi ke nan. Tana zuwa da abokiyarta ba tare da wahala ba, "tsoka mai ratsi", wadda ta haɗa ta ƙashi da ta zuciya.

Dole mu haɗa da maganar jijiya, don da ita muke kiran mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo da ta agara. In aka bar ta tsirara, sai mu wayi gari muna rubuta cewa jijiya ta sa jijiya ta matse. A riƙa cewa "jijiyar saƙo" da "jijiyar jini" kowane lokaci, ko da jimla ta yi tsawo.

Ga gwaji, ku karanta da ƙarfi: "A ɓeraye masu gadon hawan jini, jijiyoyin saƙo sun fi yawa a bangon jijiyar jini, kuma tsoka marar ratsi ta fi matsewa in an tsokano su." Malam, abin da ya rage a wajenka shi ne rubutun: marar, maras ko mara? Wanda ka zaɓa shi za mu bi.