Zan shiga Legas da kyamara karon farko, ta ina zan fara?

Telan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, shagona na Kasuwar Barci a nan Kaduna, hoto kuwa sha'awa ce kawai ta kama ni, ba a taɓa biyana sisi a kansa ba. Shekara uku ke nan da na sayi kyamara Canon 600D ta hannu a wurin wani mai ɗaukar biki da ya sauya sabuwa. Ta zo da gilashinta, wato lens, na 18-55, daga baya na yi ta tara kuɗin ɗinkin Sallah har na ƙara da na 50. Yawona duk a nan cikin gari ne. Ranar Lahadi da yamma nakan sauka wurin shaƙatawa na Gamji in ɗauki tsohuwar gadar Lugard da aka kwaso daga Zungeru, ko in bi bakin kogi wajen masu wanki da masu ɗebo yashi a kwale-kwale. Na fi sati biyu ina zarya gadar Kawo kafin in samu hoton magariba ɗaya da ya kwanta mini.

To yanzu ɗan yayan babana zai yi aure a Agege, can Legas, cikin watan Yuni, ni ne mai ɗinka kayan abokan ango, don haka dole in kai su da kaina. Kwana shida zan yi, biki zai ci biyu. Ban taɓa wuce Ilorin ba, kuma wallahi ban taɓa ganin teku da idona ba. Abin da ke raina shi ne doguwar gadar nan ta Third Mainland, da gidajen kan ruwa na Makoko, da motocin danfo masu ruwan ɗorawa a jere, sai kuma ita tekun.

Amma ina jin tsoro. A nan garinmu ma, inda na san harshe na san mutane, an taɓa tara mini jama'a a tasha don na ɗaga kyamara wajen masu lodi. Wani ya ce ni ɗan jarida ne, wani ya ce hukuma ce ta turo ni, sai da na goge hotunan a gabansu suka sake ni. Ina ga garin da ko gaisuwarsu ban iya ba? Kowa na faɗa wa sai ya ce a bar kyamarar a gida, waya ta isa. Ni kuma ban ga amfanin in yi tafiyar kwana guda a mota in dawo da hoton ango da amarya kaɗai ba.

Waɗanda suka san garin, don Allah ku ba ni haske.

Baban Khalifa ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara goma sha ɗaya na yi ina harkar gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas kafin in dawo Rigasa, kuma a can cutar hoton nan ta kama ni ni ma, da waya na fara.

Ka tafi da kyamararka. Amma jerin nan da ka kawo, duk abin da ka gani a Instagram ne, kuma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Gadar Third Mainland kusan kilomita 12 ce, tun 1990 Babangida ya buɗe ta, kuma ba wurin tsayawa ba ce. Mota ke gudu a kanta, babu direban da zai taka maka birki don ka ɗauki hoto, in ma ya tsaya kun jawo wa kanku magana. In kana son ta, ka je Akoka, bakin ruwan da ke cikin Jami'ar Legas, daga nan za ka gan ta a miƙe a kan ruwa, masunta na wucewa ta ƙarƙashinta. Ka je da sassafe. Ka kuma sani rana ta fi makara fitowa a can a kan nan, don sun fi mu yamma, kada ka yi lissafi da agogon asubar Kaduna.

Ni dai da zan zaɓa maka, ranar farko ba za ka je ko'ina ba sai Mile 12. Ka ce me zai kai ka kallon tumatir bayan ka baro shi a gida? Ka je tukuna. Ka isa kafin gari ya waye sosai, lokacin da tireloli suka juye kaya. Kwanduna ne a jere iya ganinka, daga Danja, daga Kadawa, daga namu na Ikara, an rufe bakinsu da takarda an ɗaure da igiya. 'Yan dako na gudu da kwando a ka, ruwan tumatir na gangaro musu ta wuya har riga ta rine. Matan Yarabawa sun ɗaure ɗamara da zani, kuɗi a ƙugu, suna ciniki da Hausar da ta fi ta wasu 'yan bokonmu. Ƙasa taɓo ne ja, ka nemi takalmin roba, kada ka sa na biki. Kwan fitila na rataye a kan rumfa, hayaƙin mai shayi na ratsa shi. A nan ne Hausarka za ta yi maka aikin da babbar kyamara ba za ta yi wa Bature ba. Kada ka fito da ita tun daga bakin ƙofa. Ka zauna teburin mai shayi, ka sha, ka tambayi 'yan layin Kaduna, a kai ka wurin shugaban layin ka gaishe shi ka faɗi abin da ya kawo ka. In ya ce to, shi ke nan, yaransa ne ma za su riƙa kiranka, Malam mai hoto zo ka ɗauke ni da kaya.

Haka za ka yi a Agege ma. Hausawa sun daɗe a can, da sarkinsu da masallatansu, dangin amarya kaɗai sun isa su buɗe maka ƙofa goma.

Danfo kuwa, kada ka tsaya a tasha ka auna su. 'Yan agbero, wato 'yan kamashon can, sun fi namu zafi nesa ba kusa ba. Ni an taɓa riƙe mini waya a wata tasha sai da na ajiye kuɗin da ban yi niyya ba. Ka hau gadar masu tafiya a ƙasa, ka ɗauka daga sama, ƙiftawa biyu uku ka mayar jaka ka wuce. Jakar ma kada ta zama mai tambarin Canon, ka nemi tsohuwar jakar makaranta ka rataya ta a gaba. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, tashar jiragen ruwa ta Apapa, bakin banki, ko kallonsu kada kyamararka ta yi.

Maman Iman ta amsa:

Sannu Malam Tela. Ni biki nake ɗauka a nan Unguwar Rimi, aiki ya kai ni Legas sau huɗu. Yaya Baban Khalifa ya gama maganar mutane, ni ta kyamarar zan yi, don Yuni ka ce, kuma Yuni tsakiyar ruwansu ne.

Mu a nan ƙura muka sani. Can danshi ne. Zuwana na farko na kwana a ɗaki mai AC, da safe na fito tsakar gida amarya ta shirya, ina cire murfi gilashi ya yi fari fat kamar an hura masa baki. Na goge ya dawo, na goge ya dawo. Minti ashirin ina tsaye, uwar amarya na harara ta. Maganinsa ka fitar da jakar waje tun da wuri, a rufe, ta ɗauki zafin gari a hankali kafin ka buɗe. Sannan ka tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka zuba a jakar. In ka bar gilashi cikin laima a rufe, fumfuna ke tsirowa a cikinsa kamar saƙar gizo-gizo, kuma gyaranta ba arha. Leda babba ɗaya kullum a aljihu, ruwansu ba ya sallama.

Bakin teku iska na ɗauke da gishiri, kada ka sauya gilashi a can, ka ɗaura ɗaya tun daga gida. Ka dawo ka goge jikin kyamarar da ƙyalle mai ɗan laima kafin ka kwanta. Kuma kada hadari ya kashe maka gwiwa. Ruwan ɗorawar danfo ta fi fitowa bayan an ɗauke ruwa, kwalta na sheƙi, fiye da tsakar rana.

Abu ɗaya da zan ƙara a kan na Yaya: matan kasuwa ka tambaye su da bakinka. Ka koyi "ẹ kaaro ma", ina kwana ke nan, ka ɗan rusuna. In ta ce a'a ka yi murmushi ka wuce. In ta yarda ka juya mata kyamarar ta ga kanta, yawanci daga nan za ta gyara ɗankwali ta ce sake.

Abba Malali ya amsa:

Oga Tela, ni fa ban yarda da Baba ba gaba ɗaya. Mutum ya ce bai taɓa ganin teku ba, a ce ya je kallon kwandon tumatir? Haba. Ka shiga jirgin ruwa ka je Tarkwa Bay, daga nan kana zaune a yashi manyan jiragen kaya na wucewa su shiga tasha, kamar unguwa guda ce ke tafiya. Lahadi da safe kuma ka shiga Island, wato tsibirin tsohon garin Legas, Broad Street da Marina babu kowa, ka ɗauki tsofaffin gine-gine yadda kake so. Masallacin Shitta-Bey na kan Martins Street, tun 1894, ginin irin na waɗanda suka dawo daga Barazil. Ka ɗauke su tun suna nan, don tsohon ginin Ilojo Bar da ke kusa da Tinubu Square haka aka wayi gari a 2016 an rushe shi. Daga Marina ka hau jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara aiki a 2023, a sama yake tafiya, yana tsallake ruwa ya bi ta National Theatre. Ka zauna jikin taga. Makoko kuma na je bara, kuɗi kawai za ka ba mai kwale-kwale ya zaga da kai, ba wani abu.

Baban Khalifa ya sake amsawa:

Abba, tekun da Island na ba ka gaskiya, ya je. Jirgin ma shawara ce mai kyau, kuma ɗaya layin jirgin, Red Line, ya bi ta Agege har Oyingbo, ya huta da gosulo.

Amma Makoko ba "ba wani abu" ba ne, ɗana. Gidajen mutane ne. Masunta ne, da yawansu 'yan ƙabilar Egun, kuma a 2012 an ba su wa'adin awa 72 aka zo aka sare wani ɓangare na gidajensu. Tun daga nan duk baƙon da ya shigo da kyamara ba su san ko hotonsa zai zama hujjar rusau ba. Ka biya mai kwale-kwale, to matar da ke wanka da ɗanta a bakin ƙofa fa, ita wa ya tambaye ta? Ka ɗauka wani ya biya ɗan acaɓa ya zaga da shi lungunan Malali yana leƙa zaure. In Tela zai je, ya samu wanda zai kai shi wurin baale, mai unguwarsu, a haɗa shi da ɗan gari. In bai samu ba, ya gan ta ta tagar mota daga kan gada kamar kowa, hayaƙin ƙyafe kifi na tashi a kan rufin.

Telan Tudun Wada ya amsa:

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka a bayan littafin awo. Yaya Baban Khalifa, ka taɓa ni da maganar zauren nan, don abin da na yi wa masu lodi a tasha ke nan, ko sallama ban yi musu ba. Makoko na ajiye ta sai in Allah ya haɗa ni da ɗan gari.

Na kira angon jiya da dare. Ashe kawun amarya dillalin albasa ne a Mile 12, ya ce in shirya ƙarfe huɗu na asuba ranar Talata mu fita tare. Lahadi Island, Litinin teku, ko da ruwa ake. Hajiya Maman Iman, na bi layin masu takalma a kasuwa yau na roƙi ƙullin nan, an cika mini leda, wani yana tambayata ko magani nake haɗawa.

Saura abu ɗaya. Batir ɗaya gare ni kuma ya fara tsufa, hoto ɗari biyu yake mutuwa. In nemi na biyu a nan Kaduna kafin in tashi, ko in bari sai na shiga Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta, a Ikeja? In can ne, yaya ake gane na gaske da jabu?