Musayar Waƙa a Kan Mazauna Tafasasshen Ruwa

Malam Garba

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda Ya sa rai cikin tafasasshen ruwa.

'Yan'uwa ku zo mu bi magudana,
Daga idon maɓuɓɓuga har hucewa.

Yellowstone ta Amurka kan tudu take,
A digiri 93 na Selshiyas ruwa ke tafasowa.

Tsakiya shuɗi zalla za ka gani,
Ba mai kore da ke iya zaunawa.

Sai ruwa ya gangaro ya kai 73,
Nan bakteriyar Synechococcus ke somawa.

Nan ne iyakar masu cin hasken rana,
Sama da haka injinsu na rushewa.

Daga nan rawaya, sai ruwan goro,
Sai kore, sai ƙasa-ƙasa wajen ƙarewa.

Ruwan goron nan garkuwar rana ce,
Da hunturu kore ke dawowa.

To sama da 73, ina tambaya,
Me masu rai ke samu na haɗiyewa?

Malama Sa'adatu

Malam Garba, ga amsa tafe,
Sama da nan ma akwai abinci.

Haidurojin na tasowa daga ƙasa,
A ruwan can shi ya fi muhimmanci.

Bakteriya dangin Aquificales ke ƙona shi
Da oksijin, duk da yana ƙaranci.

Ruwa in ya yi zafi ba ya riƙe iska,
Kaɗan ɗin ya ishe su, ba sa ƙunci.

Da iskar kabon suke gina jiki,
Dare da rana a wurinsu ba bambanci.

A Octopus Spring ta Yellowstone ga zare ruwan hoda,
Thermocrinis, sama da 80 cikin aminci.

Amma zafi ba shi kaɗai ke rabo ba,
Ka auna pH, ma'aunin tsami, kada ka yi sakaci.

Inda ƙibiritu ya juye ya zama asid,
pH 2 ko 3, tsami har da ɗaci,

Sulfolobus, da masani Thomas Brock ya bayyana a 1972,
A irin wannan ruwa shi ke jagoranci.

Ƙasa da pH 4 Synechococcus ba ya shiga,
Gansakukar Cyanidium ke gadon aikin a lokaci.

Ita kuma daga 56 take tsayawa,
Kun ga iyaka ta bi tsami da kusanci.

Bashir

Yaya Sa'adatu, na karɓa,
Bari in yanka shimfiɗar mu duba tare.

A ruwa mai 60 ka ɗago yanki,
Za ka ga hawa-hawa ne a jere.

Koren sama kamar milimita 1 ne,
Ƙasa da shi ja-ja ne, zare-zare.

Roseiflexus da Chloroflexus ke nan,
Hasken da ido ba ya gani suka ware.

Da rana na sama na zuba oksijin,
Yana tara glaikojin a tsare.

Rana na faɗuwa, ba a daɗe ba
Oksijin ɗin shimfiɗa duk ya ƙare.

Sai ya koma tsima ajiyarsa,
Abin da ya zubar, na ƙasa su share.

Kama naitirojin sai da duhu da asuba,
Enzayim ɗin ya ga oksijin sai ya sare.

Don haka samfurin tsakar rana kaɗai
Rabin labari ne, saura na dare.

Dakta Hauwa

Kun faɗi mazauni, kun faɗi abinci,
Saura abin da ya hana su dahuwa gaba ɗaya.

Daga tantanin ƙwaya zafi ke fara ɓarna,
Furoton ya zurare, ƙarfi ya ƙare wa ƙwaya.

Bakteriya kan cika shi da kitse mai tauri,
Arkiya kuwa, dangin su Sulfolobus, sun bi wata hanya.

Haɗin kitsensu eta ne maimakon esta,
A wasu, hawa biyun sun manne sun zama ɗaya.

Furotin kuwa tubalan 20 ɗin nan ne,
Irin na kowane mai rai a duniya.

Sai dai caji ya riƙe caji ta waje,
An cushe ciki, ba rami a tsakiya.

Wanda ya warware, akwai masu naɗe shi,
Su mai da shi siffarsa ta jiya.

A 1984, a jikin Sulfolobus,
Aka ga enzayim mai ƙara wa DNA murɗiya.

Duk mai son sama da 80 na da shi,
Wannan alama tasu ba ta ƙarya.

Wasu kan ce yawan haruffan G da C a jinom ne sirrin,
A RNA na ribosom ne ya zama gaskiya.

Ƙarfin nan kuma da kuɗinsa yake zuwa,
Kai su ruwa mai 30, girma ya tsaya.

Enzayim ɗin da zafi bai iya narkarwa
Ya sandare a sanyi, aiki ya gagara gaba da baya.

Malam Isa

Madalla Dakta. Ni juyin halitta zan taɓa,
Yadda zamani ya rarraba su.

An daɗe ana cewa iska na kai su ko'ina,
Muhalli kaɗai ke zaɓar nasa cikinsu.

A 2003 aka gwada Sulfolobus islandicus,
Daga nahiyoyi aka tattaro su.

Na Aisland, na Kamchatka ta Rasha,
Na Yellowstone da Lassen a Amurka, kowa da nasu.

Nisan ƙasa ne ya bi bambancin gadon,
Fiye da zafi ko tsamin ruwansu.

Tsakanin maɓuɓɓuga biyu sanyi ne da bushewa,
Kaɗan ke ƙetarawa da ransu.

Ko a magudana ɗaya rabuwar na nan,
Masani David Ward ya daɗe yana bin sawunsu.

Synechococcus na 65 da na 55,
Ido ya ce ɗaya ne, jinom ya raba su.

Hanya ta biyu aro ne daga maƙwabta,
Ba sai an jira gadon iyayensu.

Galdieria, gansakukar ruwan asid,
A 2013 aka karanta jinom ɗinsu.

Kusan kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin gadon
Daga bakteriya da arkiya aka samo su.

Har da na jure arsenik da makuri,
Gubar da ke narke cikin ruwansu.

Zafi ya kori tsutsa da ƙwaro,
Bairos ne babban mai farautarsu.

Wani siffar lemun tsami, wani ta kwalba,
CRISPR, garkuwar ƙwaya, na ajiye gutsuren DNA ɗinsu.

Karanta jerin, ka san wa ya kai hari,
Ka san yaƙin da kakanni suka yi da su.

Bashir

To Malam Isa, su ne kakannin kowa?
Tun da masani Carl Woese ya ware arkiya a 1977,
Masu son zafi, a bishiyar rai, na kusa da saiwa.

Malama Sa'adatu

Ƙanena Bashir, a yi a hankali,
Kusa da saiwa ba saiwar ba.

Reshe mai saurin sauyi kan ruɗi lissafi,
Ya sauka a inda ba gurbinsa ba.

A Pilbara ta Ostareliya, a 2017,
An nuna duwatsun maɓuɓɓuga, ba na teku ba.

Shekara biliyan 3.48, da alamun rai,
Sun zauna can, ba a ce can suka faro ba.

Enzayim mai murɗiyar nan da Dakta ta ambata
Haɗin biyu ne, ba guda aka fara ba.

Sai da biyun suka wanzu kafin a haɗe,
Kenan zafi mai tsanani bai zama na fari ba.

Malama Rabi'atu

Ku bar ni da mai son noma su a ɗakin gwaji,
Ga inda aikin ke lalacewa.

Nemi izini, ka tsaya nesa da gefe,
Ɓawon silika siriri ne, yana burmawa.

Daidai inda za ka ɗiba ka auna zafi,
Taku ɗaya, mazauna na sauyawa.

pH ma a nan take za ka rubuta,
In iska ta fice daga kwalba yana hawa.

Samfurin gwajin RNA ka daskarar nan da nan,
Ka yi jinkiri, saƙon na gogewa.

Na noma kuwa kada ya ga ƙanƙara,
In mai gudun oksijin ne, a cika kwalba a toshewa.

Agar, abin daskarar da abincin faranti, ba ya jure 80 na kwanaki,
Ya saki ruwa, ya kama narkewa.

Gelan za ka sa, da ɗan magnesiyam,
Shi ne ke sa shi daskarewa.

Rufe farantan cikin akwati mai laima,
In ba haka ba suna bushewa.

Kada ka cika abinci, nan aka sha faɗuwa,
Ruwansu na asali ba shi da yalwa.

Tiriptan da ruwan yis, kowanne 0.1 cikin 100,
Ya ishi Thermus ya yi ta hayayyafawa.

Suga ka dafa shi daban kafin ka zuba,
Tare da amino asid yana ƙonewa.

Duk da haka mafi yawa ba sa tsirowa,
Sai ta DNA ake iya ganewa.

Malam Garba

Malama, Thermus ɗin da kika ambata,
Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka samo shi.

A Mushroom Spring ta Yellowstone ne, a 1966,
A 1969 suka bayyana shi.

A 1976 aka ciro enzayim ɗinsa, Taq,
A 1988 PCR, dabarar ninka DNA, ta ɗauke shi.

A 95 igiyar DNA ta rabu biyu,
Wajen 55 gutsuren DNA ɗan jagora ya manne da shi.

A 72 Taq ya kwafa, a sake zagaye,
Sau 30, kusan biliyan ka ninka shi.

Kafin Taq, kowane zagaye sai an ƙara sabo,
Don na E. coli zafi na kashe shi.

Aibinsa, ba ya komawa ya gyara kuskure,
Harafin da ya ɓata haka zai bar shi.

In jerin daidai kake so, ɗauki enzayim Pfu,
Daga Pyrococcus furiosus aka ciro shi.

A gaɓar Vulcano ta Italiya yake, mai son 100,
Ya fi Taq jinkiri, ka ƙara lokaci gare shi.