Ga ambaliya kowace damina, ga rijiyoyi suna ƙafewa: ina ruwan yake tafiya?

Tambaya daga Malamin Firamare, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka karanci ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rijiyar gidanmu da ke bayan garin Kano, wadda mahaifinmu ya haƙa, a da ba ta ƙafewa ko da tsakiyar bazara, amma yanzu kafin watan Maris ya ƙare guga sai ya dawo da laka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan sama bai yi mana rowa ba a shekarun nan, domin kusan kowace damina sai an yi ambaliya a unguwarmu. Kuma na ji an ce a yankin Yamai ruwan rijiyoyi hawa yake yi, alhali ruwan samansu bai kai namu ba. Shin sauyin yanayi ne ya jawo mana wannan, ko akwai wani dalili dabam?

Amsa daga Injiniyan Ruwa, Zariya

Wa'alaikumus salam, Malam. Yawan ruwan da ya sauka daga sama daban, yawan wanda ya samu ya shige ƙasa daban, kuma a tsakaninsu ne amsarka take. Ƙasar Kano da Zariya a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, wanda ba ya riƙe ruwa sai a saman da ya rube ya zama tsakuwa da yumɓu, da kuma cikin tsagoginsa. Ma'ajiyar ke nan ƙarama ce, tana cika da wuri, tana ƙarewa da wuri. Idan a da gidaje goma ne suke jan ruwa da guga, yanzu kuma kowane gida ya haƙa burtsatse ya sa injin da ke cika tanki a cikin awa ɗaya, to rijiyar hannu ce za ta fara jin jiki, tun da ita ce mafi kusa da sama. Ka duba kuma kududdufan unguwarku, inda ruwa yake kwanciya ya tsuma a hankali: nawa ne aka cike aka yi gini a kansu?

Sauyin yanayi yana da hannu, amma ta fuskar yadda ruwan yake zuba. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Irin wannan ruwa idan ya sauka a kan siminti da kwalta, kwata yake bi ya wuce, ya bar ambaliya a sama da ƙishi a ƙasa.

Amsa daga Ɗalibar Jami'a, Yamai

Labarin da Malam ya ji gaskiya ne, kuma an auna shi. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa tare da ma'aikatan ruwa na Nijar sun bi diddigin rijiyoyin da ke gabashin Yamai, suka gano cewa ruwan ƙasa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha a farkon shekarun 1970 da kuma na 1984. Dalilin bai da daɗin ji. An sassabe daji an mai da shi gonakin hatsi, itatuwan da saiwarsu ke shan ruwa suka ragu, saman ƙasa ya daskare ya zama fako, ruwan sama kuma ya daina nutsewa a inda ya faɗi. Sai ya gangara ta kwazazzabai ya taru a tafkunan kwari, waɗanda ba su da mafita zuwa kogi, daga nan ne yake tsiyaya zuwa cikin kaurin rairayin da ke ƙarƙashinmu. Lissafinsu ya nuna abin da ke shiga ƙasa a shekara ya tashi daga kusan milimita 2 zuwa wajen 25.

Ina roƙon kada a ɗauki wannan a matsayin albishir kawai. Ruwan da ya ƙaru a rijiya, da ƙasar noma aka saye shi. Duk wanda ya bi ƙauyukan nan bayan ruwan watan Agusta zai ga kwazazzabon da bara yaro yake tsallakewa bana ya cinye gefen gona, ya kwashe rairayi ya zube shi a kan shukar da ke gangare. Binciken ya kuma ga sinadarin naitaret yana ƙaruwa a ruwan rijiyoyin, wanda yawansa yana da haɗari ga jarirai.

Amsa daga Manomin Fadama, Gashuwa

Ni ba masani ba ne, manomi ne, amma ina so in ƙara abin da ban ga an ambata ba, wato madatsun ruwa. Mu a nan ƙasar Yobe da Haɗeja, ruwan rijiyarmu daga malalar kogi yake zuwa fiye da ruwan saman da ke sauka a kanmu. Iyayenmu sun san lokacin da kogi ke batsewa ya rufe fadama watanni, ya bar damshin da ake noma da kiwo a kansa har rani. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, malalar ta canja, wasu wuraren ruwa ya daina isa, wasu kuma ya zauna dindindin har ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa. Saboda haka ba na jin daɗi idan aka ɗora komai a kan sauyin yanayi, domin hakan yana sa a manta da abin da hannun mutum ya yi, wanda kuma hannun mutum zai iya gyarawa, kamar tsara lokacin sakin ruwa daga madatsa don fadama ta sha.

Malamin Firamare, Kano

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Injiniya, to me ya kamata mu yi, mu ƙara wa rijiyar zurfi ko mu ma mu haƙa burtsatse?

Injiniyan Ruwa, Zariya

Kafin ka kashe kuɗi, Malam, ka fara da awo. Maganar manomin Gashuwa ta yi daidai da wani binciken da ya fito a Nature a 2019, wanda ya tattara bayanan rijiyoyin awo daga ƙasashe tara na Afirka, ya nuna cewa a wuraren da ke da ƙarancin ruwa, ƙasa ta fi sha daga inda ruwa ya taru, kamar tafki da malalar kogi, musamman a shekarun ruwa mai ƙarfi. Babbar matsalarmu ita ce rijiyoyin da ake aunawa shekara da shekaru ba su da yawa, taurarin ɗan'adam na GRACE kuwa, da aka harba a 2002 suka daina aiki a 2017, canjin ruwa a faɗin yanki mai girman gaske kawai suka iya gani, ba na wuri kamar unguwarku ba.

Ka ɗaura dutse a igiya mai alamar mita, ka riƙa auna daga bakin rijiya zuwa saman ruwa da asuba kafin a fara ja, sau ɗaya kowane wata, ka rubuta a littafi tare da kwanan wata. Idan ruwan yana dawowa matsayinsa a watan Oktoba ya kuma faɗi da sauri cikin rani, jan ruwa ne ya yi yawa, kuma ya kamata masu burtsatsen unguwar su zauna su tsara lokacin kunna inji. Idan kuwa ko a Oktoba ba ya kai inda ya kai bara, to abin da ke shiga ƙasa ne ya ragu, sai ku kare kududdufin da ya rage daga shara da gini. Ƙara zurfi yana amfani ne kawai idan ba a kai ga tsantsar dutse ba, kuma wanda ya haƙa rijiyar ko ya yashe ta zai iya gaya maka a kan me ƙasanta yake zaune.