Muhawara: soyayya ce ko girman kan maza a Dos tipos de cuidado?

Hadiza: Jiya na sake kallon Dos tipos de cuidado, fim ɗin Meziko na 1953 da Ismael Rodríguez ya ba da umarni. Har yanzu ina kan bakana: ba labarin soyayya ba ne, girman kan maza biyu ne, Jorge da Pedro. Da Rosario, budurwar Jorge, kawai aka fake.

Malam Sani: Haba Hadiza. Jorge ya yi tafiya, ya dawo ya tarar amininsa Pedro ya aure masa budurwa, har ta haihu. Wane mai so ne zuciyarsa ba za ta tafasa ba?

Hadiza: Malam, ka tuna dalilin auren. Fyaɗe aka yi mata, ta samu ciki, Pedro ya aure ta don ya rufa mata asiri. Ita aka zalunta, amma fim ɗin ya fi damuwa da ɓacin ran Jorge. Abin yana ci mini rai.

Kabiru: Anti, a duba Pedro ma. Ya rasa María, ƙanwar Jorge da yake mutuwar so, ya haɗiye zagin gari, bai buɗe baki ba. Mai girman kai ba ya iya wannan. Kuma ki tuna wurin bikin nan da suke jifan juna da baiti: Jorge Negrete, da ya fito a Jorge, a tsaye ƙyam, da muryarsa ta wanda ya koyi waƙar opera, Pedro Infante, da ya fito a Pedro, tsohon kafinta daga jihar Sinaloa, yana mayar masa da murmushi alhali ciki na ƙuna. Sau uku na mayar da wurin baya.

Hadiza: Ai wurin nan ne hujjata, Kabiru. Habaici suke yi wa juna, har da wasa da sunayensu, Jorge Bueno wato nagari, Pedro Malo wato mugu. Rosario fa, wa ya ba ta baiti ko ɗaya?

Malam Sani: Nan kam kin kama ni. Tun fim ɗin Allá en el Rancho Grande na 1936 haka salon yake: mai gona da shugaban ma'aikatansa suna takun saƙa kan wata budurwa, Cruz, ita kuwa sai hawaye. Amma ban yarda babu so a ciki ba.

Kabiru: Ni abin da ke taɓa ni, Negrete ya rasu a Los Angeles a Disambar 1953, shekarar da fim ɗin ya fito. Infante ya bi shi a 1957, a haɗarin jirgin sama a Mérida. Ba su sake tsayawa gaba da gaba a fim ba.

Hadiza: Malam, ka sake kallo, ka ƙirga mini maganganun Rosario, gobe mu ci gaba.