Neman kalma: wane suna za mu ba ciwon Hamlet?

Mai Shirin Adabi: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za mu ɗauki shirin rediyo a kan Hamlet, wasan da Shekspiya ya rubuta wajen 1600, amma kalma ɗaya ta tsaye mini: melancholy. Yarima Hamlet da bakinsa ya faɗe ta a ƙarshen kashi na 2, inda yake tsoron kada fatalwar mahaifinsa da ya gani ta zama Shaiɗan ne ke son ya ci riba da rauninsa. Baffansa Kulodiyas ma ya faɗe ta a kashi na 3. Na sa "damuwa", sai na ji ba ta da nauyi. A taimaka kafin daren Laraba.

Uwar Biyu: Alhini mana. Uba ya rasu, yaro ya ƙi tuɓe baƙaƙen kaya.

Malamin Sakandare: Hajiya, alhini da kwana yake raguwa, nasa kuwa ƙaruwa yake yi. Kuma ba rasuwar kaɗai ba ce. Uwarsa ta auri Kulodiyas wata biyu bai cika ba, sannan fatalwa ta ce masa guba aka ɗiga wa uban a kunne yana barci a lambu.

Uwar Biyu: Ashe ko kwanakin takaba ba ta kai ba. Mai shiri, ka yi wa jama'a bayani fa, don mu nan auren ɗan'uwan miji bayan idda ba abin kunya ba ne, su kuwa a Ingila ta lokacin haramun suke ganinsa.

Ɗalibi: Me zai hana taɓin hankali?

Malamin Sakandare: Ka ajiye wa Ofiliya, budurwar Hamlet, wannan. Ita ce hankalinta ya gushe da gaske bayan Hamlet ya soke mahaifinta ta bayan labule. Shi kuwa tun a kashi na 1 ya gaya wa abokinsa Horasho zai riƙa haukan gangan. Kulodiyas ma da ya laɓe ya saurare shi, cewa ya yi maganarsa ba ta yi kama da ta mahaukaci ba.

Likita: A asibiti ciwon damuwa muke cewa, jama'a kuma sun saba da jin ta a rediyo. Alamomin na nan: ya ce walwalarsa ta tafi, ya bar motsa jikin da ya saba, yana ta tunanin mutuwa. Sai dai marubucin wasan bai san ciwon da sigar da muka sani yau ba.

Dattijon Sakkwato: Yauwa Likita. Su mutanen wancan zamani a wurinsu ruwan jiki huɗu ne, in baƙin ya rinjayi sauran mutum ya shiga ƙunci. Kalmar ma Girkanci ce: baƙi da maɗaciya. Wani likitan Ingila, Timothy Bright, ya yi littafi a kanta a 1586. Don haka ku sa BAƘAR MAƊACIYA. Na daɗe ina faɗin haka.

Ɗalibi: Baba, mai sauraro zai zaci mahauta ake wa shiri.

Ɗan Damagaram: Ai malamanmu na ɗibbu suna da ita: sauda. Ruwan jikin huɗu su ne dam, balgam, safra, sauda. Tsarin nan ɗaya ne, ta Larabci ya iso mana.

Dattijon Sakkwato: Larabci ne wanga, ba Hausa ba. Haka kunka cika harshe da aro har yara ba su san maɗaciya ba.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta malam, hankali da lafiya daga ina suka zo? Har Alhamis ɗin da za a yi shirin.

Dattijon Sakkwato: Waɗannan sun zama 'yan gida. Matsalar ita ce komi sai an auna shi da Hausar Kano ta gidan rediyo. In Bakano bai taɓa jin kalma ba, sai a ce babu ta.

Malamin Sakandare: Ranka ya daɗe, mutumin Damagaram ne ya ja da kai, me ya kawo Kano ciki?

Uwar Biyu: Ku bar wannan. Baba, baƙi da cikin da kake nema ai suna cikin "baƙin ciki" tun kaka da kakanni.

Ɗalibi: Amma Hajiya, in aka ce Hamlet na baƙin ciki da baffansa ya hau gadon sarauta, hassada za a ji.

Likita: To a ce ciwon baƙin ciki. Da "ciwo" a gaba hassadar ta faɗi.

Mai Shirin Adabi: Na gode. Cikin bakin 'yan wasa zan sa ciwon baƙin ciki. A sharhi zan ce likitocin yau sun fi kusantar da shi ga ciwon damuwa, in ambaci sauda sau ɗaya. Haukan gangan na Hamlet, taɓin hankali na Ofiliya.

Dattijon Sakkwato: Kalma ukku don fassara guda. To, shirinka ne. Amma ka faɗi baƙar maɗaciya ko a ƙarshe, ka ce wani dattijo ya kawo ta.

Mai Shirin Adabi: In lokaci ya rage, Baba.

Ɗan Damagaram: Saura fatalwa. Mu nan kurwa za a ce, kuma ban ga wanda ya tanka ba.