Neman kalma: me za mu kira aktinik keratosis da Hausa?

1/ Jama'a, na zo neman taimakon masu harshe. Akwai wani tabon fata da rana ke jawowa, likitoci na kiransa aktinik keratosis. Ba mu da tsayayyen sunansa da Hausa, kuma rashin sunan nan yana cutar da mutane, musamman 'yan uwanmu zabiya.

2/ Ƙanena zabiya ne. Wata rana ina yi masa aski, yatsana ya bi ta bayan kunnensa, sai na ji wani ɗan wuri garas-garas kamar samfefar kafinta. Faɗinsa bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Da na duba da kyau sai na ga ɗan ja-ja da farin ɓawo a kai. Ya ce ai ya daɗe, in ya ɓamɓare yakan dawo. Da na gaya wa Inna, sai ta ce kirci ne, a shafa man kaɗanya. Ban ga laifinta ba, sunan da ta sani ke nan.

3/ A asibiti aka ce mana rana ce ta yi shekaru tana gasa wurin. Tabon kan fito inda rana ta fi duka: goshi, kunne, sanƙo, ƙeya, leɓen ƙasa, bayan hannu. Shi kansa ba sankara ba ne, kuma mafi yawansu ba sa zama sankara. Amma wasu na rikiɗewa, kuma ba a iya nuna wanda zai rikiɗe tun da wuri. Shi ya sa ake maganinsu tun suna ƙanana.

4/ Asalin sunan daga Girkanci yake: kashin farko na nufin hasken rana, na biyu kuma daga kalmar ƙaho. Fassarar kai tsaye za ta ba mu "ƙahon rana", wanda ba Bahaushen da zai ji ya gane.

5/ Kirci, makero da ƙyasbi duk suna da masu su, a bar su. Wani malami ya ba ni "ƙunar rana". Na ƙi ta, domin ƙunar rana ta yini guda ce, fata ta yi ja, ta saɓule, ta warke. Wannan kuwa tarin shekaru ne. Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta ce "kantar rana". Ta yi kusa ƙwarai, don kanta ma taurin fata ce, sai dai kanta daga guga take zuwa, kuma manomi alfahari yake da ita.

6/ "Mafarin daji", wato mafarin sankara, fa? Nan na fi daɗewa ina juyawa, don yana sa a tashi tsaye. Amma ya zarce gaskiya. Ka ce wa uwa ɗanta na da mafarin daji, ka hana ta barci, wataƙila ma tsoro ya hana ta zuwa asibiti.

7/ Ni dai na tsaya a kan "kaushin rana". Kowa ya san kaushi, kuma da hannu ake gane shi kafin ido, daidai da yadda na gano na ƙanena. Na san aibinta: wanda ya ji kaushi zai tuna dutsen goge ƙafa. Don Allah kada a goge, kada a ɓamɓare. Saboda haka a rediyo ko wa'azin lafiya a riƙa faɗinta da wutsiyarta: kaushin rana, mai iya share wa sankara fage.

8/ Maganinsa na hannun likita. Wani ana daskarar da shi da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, wurin ya yi bororo ya faɗi. In tabon ya yi yawa akan ba da man shafawa irin su fulorourasil ko imikwimod. A sani, man nan sai ya sa wurin ya yi ja ya yi ɗanye na 'yan makonni kafin ya warke. Mutane da yawa kan ɗauka ciwon ne ya ƙaru, su daina. Wanda ya fara kumburi, ko jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, wannan a gaggauta kai shi.

9/ Rigakafi: malfa mai faɗin baki, riga mai dogon hannu, inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, da man kariyar rana mai lamba 50 ga zabiya, a sake shafawa duk bayan awa 2. Hular zanna ba ta rufe kunne.

10/ Ina so mu daidaita kafin 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya, don masu shiri a rediyo su samu kalma ɗaya. Saura na leɓe, wanda ke sa leɓen ƙasa ya bushe ya yi ta tsagewa ko ba hunturu. "Kaushin leɓe" bai zauna mini a baki ba. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ya kuke cewa?