"use strict" kaɗai ya isa? Muhawara a zauren masu rubuta kod na Sakkwato

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina, duk wanda ya sa "use strict" a saman fayil ɗin JavaScript ya gama da matsalar bariyabul na gama-gari, wato wanda duk kod ɗin shafi ke iya gani da taɓawa. Tun 2009 da ES5, bugu na biyar na ƙa'idar JavaScript, ta fito, in ka rubuta x = 5 ba ka ayyana shi ba, burauza za ta jefo maka ReferenceError. Mi ya rage?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Nasiru, rabin zance ka ɗauko. Wanda ka manta ba ka ayyana ba kaɗai take kamawa. Rubuta var a wajen fankshan ka gani, shiru za ta yi, shi kuwa ya hau kan window, babban objekt ɗin da duk kod ɗin shafi ke tarayya a kansa, ya zauna daram. Balle fayilolin wasu da kake jawowa, na talla ko na taswira, dokarka ba ta kai can.

Hadiza: Malam ya faɗi gaskiya. Shafin rajistar ɗalibai munka yi wa wata makaranta nan Arkilla, na rubuta var name = ["Aisha", "Umar"]. Na nemi name[0], sai ga harafin A shi kaɗai. Na nemi tsawonsa, ya ce 10. Ashe window tana da nata name tun asali, kuma duk abin da ka ba ta sai ta mayar da shi rubutu, "Aisha,Umar". Tun azahar har la'asar ina zargin idona. Yanzu iframe nake buɗewa, wato ɗan shafi a cikin shafi, wanda babu komai ciki, in ɗauko jerin sunayen window ɗinsa da Object.getOwnPropertyNames, in gwada da na shafina. Sunan da ya yi rara, baƙo ne.

Nasiru: To Anti, wannan dabarar ai ba za ta kama name ɗin da ya wahal da ke ba. Yana cikin jerin biyu duka.

Hadiza: Haka ne, ka ci wannan.

Malam Bello: Kuma let da const, hanyoyin ayyana bariyabul da sunka zo a 2015, ba su hawa kan window, amma duk fayilolin shafin suna ganinsu. Jerinki ba zai nuna su ba. Sannan hoto ne na lokaci guda. Wanda anka ƙirƙira bayan an danna maɓalli sai kin sake dubawa.

Sani: Ba a iya sa wa window mai gadi da Proxy, wanda ke naɗe objekt ya tare duk mai taɓa shi?

Malam Bello: Za ka iya naɗe ta, amma ba ka da hanyar tilasta wa sauran kod bi ta cikinsa. Object.observe kuma, mai sa ido kan canji a objekt, Chrome ta cire shi tun 2016. Ni tun wajen rubutu nake tarewa: ESLint, manhajar duba kod, da dokarta ta no-undef mai kama sunan da ba a ayyana ba, sannan in sa wa fayil type="module", inda var ba ya fita wajen fayil ɗin.

Nasiru: Malam, module ai da strict ɗinsa yake zuwa kai tsaye. Kun dawo layina ke nan.

Malam Bello: Jeka sa shi a fayil ɗin masu talla tukuna, ka dawo mu ji.